Farar Tokar Ilyasu

Litinin, 10 ga Oktoba 2022, bayan la'asar

Yau ta iso. Tun damina ake ce mana komisiyo, hukumar da ke ba da izinin maganin ƙwari, za ta turo mutum, shi ya sa na sa aka share magazan, ɗakin ajiyar wakenmu, aka yayyafa ruwa, na aro kujerun roba, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi. Sai ga wata 'yar siririya ta sauko daga bayan moto, wato babur ɗin haya, da silifa a ƙafa da jakar goyo irin ta 'yan lekol masu zuwa karatu. Na ce mata mu a nan buhu muke sayarwa, in mudu take so ta ƙarasa kasuwa. Ashe ita ce Madam Cécile, wadda za ta duba tokar Ilyasu ta ce a sake ta kasuwa ko a hana. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ilyasu ƙanena ne, a bayana ya girma. Shekara shida ke nan yana fama da ɓuntun shinkafar Yagoua, ya ƙona, ya wanke, ya kai labo ɗakin gwaji, har ya fitar da wani gari fari ƙal mai laushin da yatsana bai taɓa jin irinsa ba. Shi nano yake ce masa, wai don tsabar ƙanƙantar ƙwayarsa ba kowane madubin likita ke ganinta ba. Mu farar toka muke cewa. Ka barbaɗa kaɗan a buhun wake, ƙwaro ya bushe a ciki. Bara aka ba shi izinin gwadawa a magazan ɗin koperatif ɗinmu na nan Djamboutou, wanda ni ce shugabarsa. Waken ya ci rani ya ci damina, ko huji ɗaya babu. Duk wanda ya san yadda wasu 'yan kasuwa ke fesa wa wake maganin auduga har gida guda ya kwana a lopital, ya san girman abin da Ilyasu ya yi.

Sa hannun wannan 'yar matar kaɗai ya rage. Allah Ya sa ta san aikinta.

Talata, 11 ga Oktoba, da hantsi

Ilyasu ya zo wa Madam da dosiye, tulin takardu mai kaurin matashin kai. Ta ce ta karanta tun a biro, wato ofishinsu, har ta ambato masa wani wuri da ka, ya buɗe ya ga haka ne.

Ta ce, "Aikinka ya yi kyau, Misye Ilyasu. Takardunka sun ce wanda ya wanke waken ya dafa ya ci, lafiya lau. Na yarda. Amma tsakanin buhu da tukunya akwai hannuwa. Su na zo gani."

Ya dube ni, na dube shi. Waɗanne hannuwa kuma? Iyayi dai.

Alhamis, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Hannuwan matanmu masu tankaɗe take nufi. Kafin wake ya tafi kasuwa sai an zazzage shi a rariya an bakace, an raba shi da tokar. Yawancinsu matan aure ne, ƙofar magazan kuma a bakin titi take, 'yan moto na jere ba su da aikin da ya wuce kallo. Saboda haka turo ƙofa muke yi, a cire mayafi, a ɗaura zani a ƙirji, a yi aiki ana hira. Haka ake yi tun Ilyasu bai san hanyar lekol ba, kuma shi namiji ne, bai taɓa shiga ana tankaɗe ba.

Ita kuwa ta shiga, ta ce a rufe ƙofar kamar kullum. Ta raba kashine na rufe hanci da baki, mata suka fashe da dariya suna tambaya ko korona ce ta dawo. Ta rataya wa Ya Kolo, wadda ta fi kowa shekaru da daɗewa a wurinmu, wata 'yar na'ura mai ƙugi a wuya.

Ya Kolo ta ce, "'Yata, wannan layar ta mece ce?"

"Ta sanin abin da hancinki ke ci ce, Dada."

"Toka ce fa. Mu a cikin toka muka girma."

Sai ta ajiye jaka ta karɓi faifai. Wallahi na tsaya da baki buɗe. Yadda take kaɗa wake yana tashi yana dawowa ba ƙwaya ɗaya a ƙasa, ko Ya Kolo sai da ta ce mata useko, godiyar Fulani. Ashe 'yar dutsen Mokolo ce, uwarta a tsakanin duwatsu take noma wake. Tun safe tana zaune a ƙasa da su, Hausarta ta kasuwa tana haɗawa da Fulatanci, tana tambayar kowacce 'ya'yanta nawa, wa ke goyo, wa ke da ciki.

Da aka tsaya cin abinci ta kira ni ta nuna mini hasken rana da ke shigowa ta hujin kwano. An daina aiki tun ɗazu, amma farin abin nan yana nan yana yawo a ciki, ya ƙi sauka. Ta ce da tokar murhu ce da tuni ta kwanta. Na janye maganar iyayi dai.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da safe

Ya Kolo ba ta zo ba. Mura ce. Kowa na mura a wannan watan.

Asabar, 15 ga Oktoba, da yamma

Alhaji Hamadu, wanda ya yi alkawarin gina wa Ilyasu masana'anta a hanyar Pitoa da zarar izini ya fito, ya aiko wa Madam da giwan ruwa daga bakin Binuwai, kifi kamar ɗan maraƙi. A gabana ta leƙa kwandon, ta yaba, ta ce wa ɗan moton ya mayar, ya ce tana gaishe da Alhaji da kyau amma bakinta a rufe yake sai ta gama aiki.

Na ji kunya har tafin ƙafata. A garin nan wa ke mayar da kyauta? Na ja ta gefe na ce, "Madam, ko ba ki ci ai kya karɓa ki ba maƙwabta."

Ta ce, "Hajja, in na karɓa, ran da na ce tokar nan lafiya ce, ke kanki za ki ce kifin ne ya yi magana."

Na dawo gida ina ta mita, ina cikin wanke shinkafa sai na ji ina dariya ni kaɗai. Mace ko nauyin rabin buhu ba ta kai ba, ta mayar wa Alhaji Hamadu kifinsa a kan moto, unguwa duk tana kallo!

Litinin, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe Madam ta tambaye ni ina tokar ke zuwa bayan an tankaɗe. Na ce wurin masu ita mana. Abin da ya faɗo ƙarƙashin rariya na mai tankaɗe ne, da tsakin wake da dusa da komai, ta ƙulle a ɗankwali ta tafi da shi gida, ta ba kaji ko ta yi ƙosai. Haƙƙinsu ne tun na iyayenmu, shugabar da ta hana wannan ba za ta sake ganin mai aiki a ƙofarta ba. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin labari ba, balle in gaya wa Ilyasu.

Sai ta ce ko zan raka ta dubiyar Ya Kolo.

Tun daga tsakar gida na ga tukwane a kife suna ƙyalli kamar sababbi. Surukar Ya Kolo ta ce ai farar tokar nan ba ta da na biyu wajen goge tukunya, wasu ma haƙori suke gogewa da ita. Tana faɗa tana kunce goyo. Wuyan jaririyar fari fat, da hammata, da matsematsi. Ta ce zafi ya sa mata ƙuraje, hodar kanti kuma sai mai hali, wannan kuwa ta fi ta kanti laushi. Duk masu goyo a cikin matanmu haka suke yi.

Na zaci Madam za ta yi ihu ko ta zazzaga Faransanci. Ko kusa. Ta durƙusa ta ce, "Kai, wannan amarya wa ya yi mata kwalliya haka? Kawo ta in ɗauka." Ta nemi ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, ta rungume yarinyar tana share ta a hankali, lungu lungu, tana yi mata waƙar garinsu. Sai da ta gama tas sannan ta zaunar da uwar ta yi mata bayani, ba tare da ta sa ta jin ta yi laifi ba.

Ya Kolo na ɗaki. Mun gaisa daga bakin ƙofa. Ba zan rubuta yadda numfashinta yake ba.

Talata, 18 ga Oktoba, da hantsi

Madam ta dakatar da tankaɗe. An kulle magazan da sabon kwaɗo.

Na gaya wa Ilyasu maganar hodar. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Can ya ce, "Adda, na gwada ta a kan ƙwaro, na gwada a kan ɓera, na gwada a cikin tukunya. Ban tambayi inda take kwana ba." Ya ƙi shayi.

Alhamis, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

An kai Ya Kolo lopital. Na kai kunu.

Lahadi, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na je ɗakin da Madam ke haya, na same ta ta dawo daga coci tana tsinke zogale. Da faɗa na je, ba zan ɓoye ba. Sabon wake ya fara shigowa daga ƙauyuka, in izini bai fito yanzu ba shekara ta tafi, Alhaji kuma ba mai jira ba ne.

Na ce, "Tsakaninki da Allah, tokar ce ta kwantar da Ya Kolo?"

Ta ce, "Ban sani ba, Hajja. Tana iya zama hayaƙin itace na shekara da shekaru, tana iya zama tsufa. Tana iya zama tokar."

"To in ba ki sani ba, me ya hana ki sa hannu?"

"Shi ne ya hana ni. Na san tana tashi, na san tana daɗewa a iska, na san tana shiga gidaje har jikin jarirai. Abin da take yi wa huhu ne ba wanda ya auna, ko ƙanenki ko ni. In na sa hannu na ce wa Arewa duka na sani ke nan."

Na ce maganin auduga fa? Shi ai an san yana kisa, kuma gobe 'yan kasuwa za su koma kansa. Nan ta ajiye zogalen. Ta ce wannan shi ne abin da ke ci mata rai tun ran da ta ga hasken nan a magazan, kuma ba ta da amsar da za ta sa in ji daɗi. Ta ce tokar Ilyasu abu ne mai kyau wanda bai gama nuna ba. In ya samo yadda za ta dunƙule ta daina tashi, aka gwada ta a kan numfashi da fata, ita da kanta za ta yi masa rawa a kasuwa. Na tambayi tsawon lokacin. Ta ce shekaru.

Wayarta ta yi ƙara har sau uku muna zaune. Ta duba, ta kife ta.

Na fito da haushina, amma na rasa inda zan sauke shi. Na saba da ma'aikata masu sanin komai. Tunda nake ban taɓa jin mai hatimi a jaka ya ce bai sani ba.

Talata, 25 ga Oktoba, da safe

Alhaji ya daina amsa gaisuwata. Wai ya yi magana da wasu a Yaoundé. Wai, wai.

Ilyasu ya je lopital jiya shi kaɗai, ya daɗe.

Laraba, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Kunu. Ya Kolo ta sha rabi.

Juma'a, 28 ga Oktoba, bayan magariba

An yi zaman komisiyo yau da safe. An kira ni a matsayin shugabar koperatif, aka ba ni kujerar baya kusa da fanka. Wani mai kwat ya zo daga Yaoundé, Alhaji na gefensa da babbar riga. Faransancina na asibiti da tasha ne, amma na gane inda aka dosa: a ba da izini, a rubuta gargaɗi a jikin leda cewa kada a shaƙa, kada a shafa, shi ke nan kowa ya huta.

Madam ta tashi da silifanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba su labarin ƙofar da ake turowa da dalilin turo ta, da abin da ke faɗowa ƙarƙashin rariya, da wuyan jaririya. Ta ce ledar da za a yi wa rubutun a magazan take tsayawa, tokar kuwa a ɗankwali take tafiya gida. Mai kwat ya ce mata wani abu a hankali yana murmushi, irin murmushin da ba na so. Ta ce ta ji, amma hannunta ba zai hau takardar ba, in akwai mai so ya sa nasa.

Kuma da an sami mai sawa, na ga alama. Sai Ilyasu ya miƙe.

Ya yi magana da Faransanci, muryarsa na karyewa yana gyarawa. Alhaji ya ja masa riga, bai waiwaya ba. Da ya gama sai ya juyo ya nemo ni da ido har baya, ya ce da Hausa, "Adda Kaltumi, na janye. Ba zan sayar da abin da zan ji tsoron a shafa wa ɗan da zan haifa ba."

Na yi kuka a gaban maza, ban damu ba. Rabi baƙin ciki ne na shekarunsa shida. Rabin kuwa, ban taɓa jin girman ƙanena ya cika mini ƙirji kamar yau ba.

Litinin, 31 ga Oktoba, da hantsi

Maganar masana'anta ta mutu. Alhaji ya aiko a kwashe kujerun da ya ba koperatif aro. Su je, dama ƙafar ɗaya a karye take.

Laraba, 2 ga Nuwamba, da yamma

An yi wa Madam Cécile canjin wurin aiki. Tcholliré, can ƙuryar daji. Ba wanda ya faɗi dalili, ba kuma wanda ya tambaya, tunda duk mun san me ake nufi in an tura mutum can a tsakiyar shekara.

Na je ina zage-zage a madadinta. Tana ɗaure katifa ta ce, "Hajja, bar ɓata bakinki. A can ma ana cin wake."

Kafin ta tafi ta zauna da Ilyasu a tsakar gidanmu kusan yini, suna zane a ƙasa da tsinke. Ta ce kada a zubar da tokar a bola, iska za ta ɗauka, kada kuma a kai kogi. A jiƙa ta a kwaɓa da siminti, in ta daskare ba ta da sauran tashi. Ta nuna mana buhunan leda masu hana iska shiga, ta ce su riƙe mu bana, mu dai yi hankali da ɓera. Har ta hau moto tana tuna mini wadda ke da ciki a cikin matanmu, wai in sa ido a kanta. Sunan kowacce ta riƙe.

Allah Ya sa a ce wata 'ya tawa ta yi rabin wannan matar.

Asabar, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwana biyu ke nan Ilyasu na bin gidajen masu tankaɗe da bokiti mai murfi da kashine a hanci. Ni ke shiga in yi masa iso, shi ya tsaya a zaure ya durƙusa, mutum da digirinsa, yana roƙon mata su dawo masa da toka. Haƙƙinsu ce, ba a ƙwacewa, sai dai a roƙa. Wasu a gwangwanin madara suka kawo, wasu a ƙullin leda. Wata ta ce sai dai ya biya ta da hodar kanti, ya ce ya ji, kuma ya kawo mata.

An sallamo Ya Kolo. Dokta ya ce ta guji ƙura da hayaƙi, bai ce ga abin da ya jawo ba. In ta yi magana sai ta tsaya ta huta a tsakiya. Ilyasu ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ko kai ne ko murhuna ne, Allah kaɗai Ya sani. Amma kai ka zo ka durƙusa, murhu bai zo ba."

Talata, 8 ga Nuwamba, da dare

Ilyasu ya kwaɓa tokar. A filin bayan magazan, shi da magini ɗaya. Duk abin da ke labo da wanda ke magazan da na gwangwanaye, ya jiƙa ya juye cikin siminti da hannunsa. Na kai musu ruwa na ga yana juya shebur fuskarsa a jiƙe, na ce zufa ce na wuce. Ya ce daɓe zai yi wa mata, a kewaye da dogon zana, su yi tankaɗe a sarari ba mai ganinsu.

Da dare ya ci tuwo sosai, karon farko tun ran da aka kulle magazan. Yana wanke hannu ya tambaye ni ko har yanzu direban nan na Yagoua mai kawo masa ɓuntu na zuwa ran Alhamis.

Litinin, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Daɓe ya bushe. Sumul, da ɗan haske, magini ya ce bai taɓa yin mai ƙarfinsa ba. An ja zana, mata sun shigo da rariya da faifai suna ta guɗa, an shimfiɗa wa Ya Kolo tabarma can gefen da iska ba ta bi, tana ba da umarni da sanda.

Aka ce shugaba ta fara hawa. Na zo bakin daɓen na tsaya. Kowa siminti yake gani. Ni kuwa na san abin da ke ciki, na san daren da bai yi barci ba da auren da ya ɗaga saboda shi. Ilyasu na leƙe ta bayan zana yana cewa, "Adda, hau mana, ba zai fashe ba."

Na cire takalmina tukuna, sannan na hau.